Ban Taɓa Komai Ba

Yin ɓarna laifi ne, amma a tambaye ka ka ce ba ka yi ba, wannan shi ne babban. Shi ya ci Da'u, sakataren ƙungiyar manoman Toranke.

A shekarar nan aka ce duk ƙungiyar da ke son taki da iri ta shigar da mutanenta ta intanet, suna da hoto, kafin la'asar ɗin Alhamis. Mutum ɗari biyu da goma sha huɗu ne a hannun Da'u. Kwamfutar ofis kuwa Hanatu ce ta haɗa ta, 'yar wan mahaifinsa, mai aikin kwamfuta a Gaya. Da yake sabis ba ya shiga ɗakin sosai, ta sa aka ɗaure na'urar intanet a kan dogon ƙarfe tsallaken hanya, bayan gidan Baba Hamma, kwamfutar tana jawowa ta iska. Ta kuma liƙa takarda a jikin allon: kada a sabunta komai sai an gama aiki.

Ran Litinin kwamfuta ta nuna an fito da sabon kanel, wato tushen manhajar da komai ke tsaye a kai. Da'u ya dubi takarda, ya dubi allo, ya ce a ransa shi ma ai da diflomarsa. Ya danna. Da ta gama ya ga wuri ya matse a cikinta, sai ya goge tsohon kanel.

Daga nan aiki ya lalace. Masu sani sun ce saƙo ba ya tafiya a dunƙule, ƙulli-ƙulli ake yi masa a aika ɗaya bayan ɗaya. To cikin ƙulli ɗari, arba'in ke zubewa a hanya. Hoto ya kai rabi ya tsaya, ya koma farko. Wuni guda ko mutum ɗaya bai shiga ba.

Ya kira Hanatu.

“Ka taɓa wani abu?” Abin da ta fara tambaya ke nan.

“Ni? Ban taɓa komai ba, Yaya.”

“Da'u, na san hannunka da ƙaiƙayi tun kana kwance rediyon Baffa.”

“Haba Yaya, ga takardarki nan tana harara ta.”

Ta yi dariya, ta yarda. Yardar nan ita ta kai ta neman cuta inda babu ita. Ran Talata ta sa shi ya hau ƙarfe ya kashe na'ura ya kunna, ya sauya layi, ya juya ta gabas ya juya ta yamma. Duk gwajin da ya karanto mata, arba'in ɗin nan dai. Shi kuwa ya san inda abin yake, amma kowace awa ta wuce faɗar gaskiyar sai ƙara nauyi take.

Ran Laraba ta ce, “To ko wani abu ne ya tare hanya? Me ke tsakanin ƙarfen da tagarka?”

“Mangwaron Baba Hamma.”

“Ganye yakan tare. Ka roƙe shi a rage.”

Nan ma da ya buɗe baki da an huta. Sai ya ɗauki adda ya nufi gidan Baba Hamma.

Baba Hamma ya ɗaga kai ya dubi reshen, ga 'ya'ya sun yi luƙu-luƙu, saura mako biyu su nuna.

“Ɗan nan, reshen nan ya girme ka. Ka tabbata shi ne?”

“Yaya Hanatu ce ta ce, Baba.”

“To sare. Ba zan ci mangwaro mutane su rasa taki ba.”

Reshe ya faɗi. Aka gwada. Arba'in.

Ran Alhamis Hanatu ta nemi izini a wurin aiki, ta hau mashin, ba ta iso ba sai bayan azahar. Manoma sun cika inuwar ofis, Malam Bala shugaban ƙungiya yana ta ba su haƙuri. A ƙofa Baba Hamma ya ce mata an sare reshen kamar yadda ta ce. Ko ruwa ba ta sha ba ta zauna, ta buga layi ɗaya, wata lamba ta fito. Ta daɗe tana kallonta.

“Ba wannan kanel ɗin na bar maka ba.”

Da'u ya sunkuyar da kai.

Ashe 'yar manhajar da ke sarrafa katin kama intanet ce ba ta jitu da sabon kanel ba, sai ta riƙa sa katin gyangyaɗi a tsakiyar aiki. Hanatu ta hana shi gyangyaɗin, arba'in ta sauko talatin, ta ƙi wucewa.

“Ba komai, mu koma kan tsohon. Yana ina?”

“Na goge.”

“Ka me?”

“Wuri ne ya cika, Yaya.”

“Da ka faɗa mini ran Litinin, a filas ɗin kwamfuta zan kawo shi, minti goma an gama. Ka bar ni na sa aka sare wa tsoho reshen bishiyarsa, ka kuma ce masa ni ce na ce!”

Ta gwada sauko da tsohon kanel daga intanet, hanyar da ke yoyo ta ƙi kawo shi. Ta jona wayarta, Malam Bala da kansa ya riƙe ta a bakin taga yana miƙa hannu sama don ta samu sabis. Sunaye suka fara shiga, ɗaya, a jira, a jira, ɗaya. Ana kiran la'asar shafin ya rufe.

Ga abin da Da'u ya girba. Mutum goma sha tara suka shiga, ɗari da casa'in da biyar suka rasa, cikinsu har da mahaifiyarsa Hure da Baba Hamma. Malam Bala ya karɓi makullin ofis a gaban jama'a. Hanatu ta koma Gaya ba ta yi masa sallama ba, har yau ba ta ɗaga wayarsa. Reshen kuwa yana nan yashe a hanyarsa ta zuwa masallaci, awaki sun cinye ganyen.