Kada Ku Amsa wa Mama

Mamanmu malamar lissafi ce, amma ba ta iya barin gida sai ta koma kicin sau shida ko bakwai ta taɓa makunnin gas. Ta san ta kashe. Zuciyarta ce ba ta yarda. Shugabar makarantarsu ta ba ta gargaɗi na biyu, ta ce in ta sake makara ranar Litinin, za a nemo wata.

Mu kuwa kowa da irin taimakonsa. Baba kan sa dutsen guga a jaka ya tafi da shi ofis, don kada ta yi ta tunanin an bar shi a jone. Ni kuma ina ɗaukar hoton gas ɗin kafin in fita, in riƙa tura mata duk lokacin da ta tambaya.

Ranar Alhamis likitar da ke duba Mama ta ce mu zo duka. Ofishinta ɗan ƙarami ne, gwiwata har tana taɓa tebur. Baba ya buɗe jaka zai ciro biro, sai ga igiyar dutsen guga ta leƙo.

"Yallabai, wanki kake karɓa a ofis?" in ji likita.

Da ya yi mata bayani, sai da ta cire tabarau ta share hawayen dariya. Sannan ta natsu ta ce, "Ƙauna ce, na sani. Amma duk hoton da kuka tura, abinci kuka ba tsoron, gobe ya dawo da ƙiba. Ta ci gaba da shan maganinta. Ta duba gas sau ɗaya, ta fita. Fargabar za ta tashi, in ba a kula ta ba za ta sauka da kanta. In ta tambaye ku, kada ku amsa."

Mama ta ce, "Na yarda."

Kwana uku muna gwaji zuwa ƙofar gida mu dawo. Ranar Litinin muka tsaya a bakin titi muna jiran bas.

"Auta, na kashe gas kuwa?"

Na kalli takalmina. "Mama, likita ta ce..."

"Likita ce ta haife ki? E ko a'a kawai."

"Ba zan faɗa ba."

"To gyaɗa kai. Ba magana ba ce ai."

"Mama, wannan satar amsa ce. Da ɗalibarki ce da kin kore ta daga aji."

Ta harare ni, bakinta na son yin dariya, goshinta duk gumi. Ta juya ta yi taku biyu wajen gida. Kamar in ce "kin kashe" in huta, amma na cije leɓe.

Bas ya tsaya. Direba ya leƙo. "Hajiya, za ki ko in wuce?"

Mama ta ja dogon numfashi, ta rungume jakarta kamar za a ƙwace. "Za ni," ta ce, ta hau.

Ina bakin ƙofar makarantarmu saƙonta ya shigo: "Na iso, saura minti goma. Har yanzu ban san ko na kashe ba. Bari in shiga aji."