Sunan da Ya Maƙale a Shafin Jamusanci

Ranar Litinin aka sake buɗe cibiyar masu zane ta garin Jirrparnu, wadda take rufe tun mutuwar tsohon. Da safe mata suka zo da ɗanyen ganye suka share baranda da bakin ƙofa da duk inda sawunsa ya taɓa sauka. Aka hura wuta a tsohuwar garwa aka zagaya ɗakuna da hayaƙi. An ƙone kujerarsa ta roba. Hotunansa na bango an sauke su, na cikin littattafai an liƙe fuskarsa da farin tef.

Sunansa kuwa ba mai sake kira, a baki ko a rubuce, sai shekaru sun ja danginsa sun ba da izini. Kafin nan Kumanjayi za a ce, kamar yadda ake yi wa kowane mamaci.

Cire sunan daga shafin intanet ya faɗa kan Verna, don ita ke kula da shafin da kuma sayar da zane ga mutanen waje. Marigayin wan mahaifinta ne, uba ke nan a wurinsu, kuma shi ne mai zanen da aka fi sani a garin. Ta bi shafukan ɗaya bayan ɗaya ido rabi a rufe, tana gogewa tana sa Kumanjayi a gurbin.

Thelma, ƙanwar matar marigayin kuma shugabar cibiyar, ta tsaya a kanta riƙe da kofin shayi, ta nuna kwamfutar da haɓa.

"Kin gama da akwatin naki?"

"Na gama, Inna."

"Ko'ina?"

"Ko'ina."

"To. Yayata na son dawowa ranar Alhamis. Zaman zangon makoki ya ishe ta, hannunta na ƙaiƙayin fenti. Ta tambaye ni ko gidan ya yi tsabta, na ce sai na ji daga bakinki."

Maisie, yayar tata, ba ta furta kalma ba tun ranar da mijinta ya mutu. Da hannu take magana, kamar kowace mace da mijinta ya rasu, kuma haka za ta ci gaba har watanni. Ba ta da wurin wuni sai wannan ɗakin. Amma ba za ta taka shi ba muddin sunan na ciki.

Washegari da hantsi wayar ofis ta yi ƙara. Verna na haɗa jan fenti, hannuwanta duk sun ɓaci, sai ta danna lasifika da gwiwar hannu. Mata na zaune a ƙasa kowace da yadin zanenta a gabanta, suna gardama a kan wanda ya cinye wutsiyar kangaru, naman dawan da aka ajiye a firiji.

Muryar wata mata ce, da Turanci mai nauyi. Ta ce daga Hamburg take kira, tana da shagon zane, ta ji labarin rasuwa. Sai ta kira sunan. Ta kira shi cikakke, a hankali, irin kiran wanda ya daɗe yana koyon yadda ake faɗinsa daidai.

Gardamar ta tsaya. Wata tsohuwa ta ajiye tsinken zanenta a kan yadi, fenti na ɗiga, ta tashi ta fita. Karen da ke kwance ƙarƙashin tebur ya miƙe ya bi bayanta. Sauran suka sunkuyar da kai.

"Kashe," in ji Thelma, ba tare da ta ɗaga murya ba.

Verna ta fizgi kan wayar ta kara a kunne. Ta tambayi matar a ina ta ga sunan.

"A shafinku mana. Yanzu haka yana gabana."

A saman shafin akwai 'yan ƙananan tutoci. Ba wanda ke taɓa su a cibiyar, don ba mai jin harsunan. Verna ta goge yatsa a siket ta danna tutar Jamus. Shafin ya juye zuwa kalmomin da ba ta sani ba, sai ɗaya da ta sani. Tana kan gaba da manyan baƙaƙe, tana kuma ƙarƙashin kowane zane nasa. Ta kau da kai, amma ta riga ta karanta.

Ta kira Lachlan, baturen da ya haɗa musu shafin, wanda ke zaune a birnin Alice Springs, ta sa shi a lasifika. Thelma ta ja kujera ta zauna kusa.

"Uwar ɗakina," in ji shi. "Me na ɓata kuma?"

Ta gaya masa. Dariyar ta bar muryarsa. Ya ce manhajar fassarar ce, wadda suka maƙala wa shafin bara. Ta kyauta ce. Takan fassara shafi ta kai fassarar rumbun kamfanin a wata ƙasa ta ajiye, daga can take nuna wa baƙi. Verna ta gyara Turancin, amma abin da ke rumbun yana nan yadda yake, kuma mai amfani da ta kyauta ba shi da ikon taɓa shi.

"Na ce muku ku ɗauki ta kuɗi."

"Tayoyin mota muka saya, jikana," in ji Thelma. "Manhajarka ba ta kai mutum asibiti. Faɗi yadda za a yi, ka bar wa'azi."

"Sannu, Kaka. Ban san kina nan ba."

"Kullum ina nan."

Ya ce Verna ta buɗe na Jafananci ma. Ta buɗe. Layuka ne na ƙananan alamomi, ba ta gane ko ɗaya ba. Ta ɗan ji sauƙi, har sai da ya ce, "Yana nan. Layin farko, daga hagu."

Ta dubi wurin. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta tuna bai kamata ta kalla ba. Ta yago farin tef ta liƙa a fuskar kwamfutar, daidai kan alamomin. Da ta janye hannu, gefen tafinta ya taɓa linzamin kwamfutar. Shafin ya motsa. Alamomin suka zamo daga ƙarƙashin tef ɗin suka tsaya a fili, ƙasa kaɗan. Thelma ta gani. Ta matsar da kujerarta baya.

"Ta kuɗin za ta gyara wannan yau-yau," in ji Lachlan. "Tana da wani gurbi da ake rubuta kalmar da ba a so ta fito. Da zarar an sa, za ta bi kowane harshe ta ɓoye shi, ta sa Kumanjayi. Ki rubuta sunan kawai."

"Ba zan iya rubutawa ba."

"Na sani. Ni zan rubuta daga nan."

Verna ta kusa cewa to. Thelma ta ɗora mata hannu a gwiwa.

"In ka rubuta, ina yake zuwa?"

"Yana zama a gurbin."

"Har yaushe?"

"Muddin kuna biya. Dole ta riƙe shi, Kaka. In ba ta san shi ba, yaya za ta gane shi in ta gan shi? Duk wanda ya buɗe shafi, sai ta duba ko yana ciki."

"Duk wanda ya buɗe."

"E."

"Wato mu biya a ɗauko mai gadi, ya zauna da sunan a baki, yana leƙa kowace ƙofa yana nemansa, ba dare ba rana. Mu da muka share sawunsa don ya sami hanya ya tafi ƙasarsa. Kana ta kiran mutum, ta yaya zai yi nisa?"

"Ba kira ba ne, Kaka. Na'ura ce."

"Matar Jamus ɗin ma ba kira ta yi niyya ba. Ka tambayi karenmu."

A waje iska ta taso ta buga kwanon rufi ta lafa.

Verna ta tambaya ko akwai wata hanya. Ya ce akwai: a cire manhajar ɗungurungum, tutocin su tafi, shafin ya koma Turanci zalla. Amma ya ce ta sani, mafi yawan zanen Maisie mutanen Osaka da Hamburg ke saye, kuma ta waɗannan tutocin suke shigowa. In an rufe, wasu za su lallaɓa da Turanci, da yawa ba za su dawo ba.

Ta dubi Thelma. Thelma na kallon cikin kofinta.

"Akwatinki ne, 'yata. Ni dai na gaya wa yayata gidan ya yi tsabta."

"Cire," in ji Verna.

Yana kan waya ya yi. Tutocin suka ɓace daga saman shafin, wurin ya zama fari. Ta sabunta shafin, ta sake sabuntawa. Babu su.

"Shi ke nan?"

Ya ce, "Daga wurinku, shi ke nan. Abin da ke rumbun kamfanin ban san ranar da za su goge ba. Na rubuta musu, amma masu kyauta ba a cika amsa musu ba. Manyan shafukan bincike ma sun kwafi wasu. Waɗannan ba hannuna ba hannunki."

Thelma ta riga ta tashi zuwa wurin butar shayi. Verna ba ta tabbata ta ji wannan ba, ba ta kuma maimaita mata ba.

Ranar Alhamis Maisie ta zo da ƙafa daga zangon makoki, gashinta a aske, farar ƙasa a goshinta da damatsanta. Mata suka buɗe mata hanya. Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shiga ba. Ta dubi bangon da aka sauke hotuna, ta dubi inda kujerar mijinta take a da. Sannan ta dubi Verna, ta nuna kwamfutar da leɓe, ta juya tafin hannunta sama. Tambaya ce: babu?

Kalma ɗaya za ta shigo da ita. Yadinta na nan a shimfiɗe, Thelma ta zuba mata fenti a murafan kwalba, shayinta na huci.

Verna ta amsa da hannu, kamar yadda ya dace a amsa wa mai makoki. Ta nuna ɗakin, ta share iska: a nan babu. Ta nuna kwamfutar, ta share: a nan ma babu. Sai ta miƙa hannu can arewa, nesa, ta dunƙule shi. A can wasu na riƙe da shi, hannunta bai kai ba.

Maisie ta daɗe tana duban dunƙulen hannun. Fuskarta ba ta canza ba. Ta yi wa ƙanwarta alama. Thelma ta naɗe yadin, ta kwashi murafan fentin, ta kai su gindin bishiyar da ke tsallaken fili, inda wayar intanet ba ta bi ba. Maisie ta zauna a can ta juya wa ginin baya. Ɗaya bayan ɗaya sauran matan suka ɗauki nasu suka bi ta.

"Kin yi daidai," Thelma ta ce da ta dawo ɗaukar buta. "Amma da ni ce, da ban faɗa ba."

Tun daga ranar a gindin bishiya ake zane. Verna kaɗai ke wuni a ciki, tana ɗaukar hoton zanen da aka gama tana sawa a shafi. Ciniki ya ragu, kamar yadda Lachlan ya ce.

Akwai wani ɓangare a bayan shafin da ke nuna mata masu ziyara da abin da suka nema. Kowace rana, wajen lokacin da tsohon kan iso da can ya nemi shayinsa, sai ta ga an nemi shafinsa na Jamusanci, wanda babu shi yanzu. Wurin da ya kamata ya nuna ƙasar mai neman ba ya nuna komai. Lachlan ya ce na'urorin bincike ne, haka suke yi, za su gaji su daina. Verna ta ce to. In lokacin ya kusa, takan tashi ta fita baranda ta tsaya inda matan za su gan ta, har ya wuce.