Ganyen da Gavin Ya Cire

Duk Satumba, in sanyi ya janye aka rufe wasannin zari-ruga na shekara, mukan bar matanmu a garinmu Dalby mu tsallaka wata ƙasa mu yi mako guda. Da mu tara ne. Mutuwa da ciwon gwiwa da mata masu tsauri suka yi ta rage mu, bara saura uku: ni Russell mai jan motar shanu, da Murray mahauci, da Gavin Tolhurst mai gyaran famfo, wanda tun muna 'yan shekara bakwai nake fama da bakinsa.

Muna da al'ada a kulob ɗinmu. Duk tafiya sai ɗaya ya ɗauko abin da ba nasa ba, a kafa a bangon ɗakin shan giya. Akwai allon hanya, akwai ƙararrawar otal. Ba ma kiransa sata. Bara layin Gavin ne.

Vanuatu muka je, wani ɗan tsibiri da sai an shiga kwalekwale. Mun sauka a wurin wata dattijuwa, Leimara, mai ɗakunan baƙi uku a bakin ruwa. Ran da muka iso ta ce ko'ina namu ne, ban da bakin tekun da ke bayan ƙauye. Sarkinsu ya rasu, an rufe masa wannan ruwan, ba kamun kifi, ba wanka. Za mu ga sanda a kafe da ganye biyu na wata bishiya da suke kira namele a giciye.

Rana ta uku da hantsi muka kai kan sandar. Ganyen kamar na dabino, ya fara bushewa. Ruwan da ke bayansa kwance yake, ko tsuntsu babu.

"Wannan zai yi kyau a saman firiji," in ji Gavin.

"Bar musu kayansu, sanƙo," in ji Murray. "Matar nan ta faɗa maka."

"Ganye ne fa. Suna da daji guda."

Ni ban hana ba. Dariya ma na yi. Gavin ya kwance ganyen ya cusa a jaka, sannan don neman magana ya tuɓe riga ya faɗa ruwan, ya yi iyo har ya ƙoshi. Da muka biyo ta cikin ƙauye wata tsohuwa na shara. Ta dubi wandonsa yana ɗiga, ta dubi hanyar da muka fito, ta juya mana baya.

Da rana Leimara ta kawo abinci faranti biyu.

"Mama, ni fa? Ko kin ga tumbin nan kin ce in huta?" in ji Gavin.

Ta ajiye wa Murray nasa, ta ajiye mini nawa, ta tambaye mu ko barkono ya isa, ta fita. Ko inda yake ba ta duba ba. Murray ya ce gaba suke yi da shi, maganinsa ke nan, muka raba masa namu muna tsokanarsa. Haka aka wuni. Ya gaida masunta, ba wanda ya amsa. Mai kanti ya miƙa wa na bayansa kaya ta saman kafaɗarsa.

Wannan duk na gane shi. Mutum ya yi wa gari laifi, gari ya share shi, ko a Dalby ana yi. Abin da ban gane ba shi ne na washegari.

Na je sayo mana kwakwa, na dawo da biyu. Sai da na miƙa wa Murray tasa na ga Gavin zaune a tsakaninmu, hannunsa a buɗe. Shekara talatin da ɗaya ina loda shanu, in sun bi ta ƙofa da gudu nakan faɗi adadinsu ban kuskure ko ɗaya ba. Mutum uku kuma suka gagare ni.

"Har da kai, Russ?" ya ce.

"Mantuwa ce."

"Tun ɗazu nake ba ku labari. Ba wanda ya ce uffan."

Na dubi Murray, ya dube ni. Ba mu ji komai ba. Kuma na lura rana ta kwana biyu tana dukan Gavin amma wandon nan bai bushe ba, yashin da ke ƙarƙashin kujerarsa jiƙe yake.

Ranar Juma'a da safe na je wurin Kalsau mai kwalekwale don mu tsayar da lokacin tafiya, tunda jirgin samanmu na Asabar ne. Yana ɗinkin koma, bai ɗago ba.

"Ƙarfe bakwai. Ku biyu."

"Mu uku ne."

"Biyu na gani."

"Kai malam, bar wasan nan. Kai ka kawo mu."

Ya ajiye allurar. "Ruwan nan na marigayi ne har a buɗe shi. Wanda ya shiga, baƙonsa ne. Ni ba na ɗaukar baƙon wani in tsallaka da shi."

Na ce to a bar shi nan ke nan? Ya ce akwai hanya. A mayar da ganyen, a kawo saiwar kava, wadda suke jiƙawa su sha a taro, da tabarma gaban ɗan marigayin, wanda ya san mutumin ya riƙo hannunsa ya faɗi sunansa da na ubansa a gaban dattawa. Shi kansa ba zai iya faɗa ba, don ba mai jin sa.

"In za ka yi, yi yau," ya ce. "Jiya na ga kwakwa nawa ka saya."

Na koma ina zage-zage a raina. Na tarar da Murray yana haɗa kaya, ya jera jaka biyu a bakin ƙofa. Na tambaye shi ina mutumin. Ya ce wane mutum? Sannan fuskarsa ta canja, ya zauna a bakin gado.

Gavin na ɗakinsa, waya a cinya. Sai da na matsa kusa na ji muryarsa, can ƙasa kamar mai magana a cikin rijiya.

"Na kira matata Denise. Ta yi ta cewa wa ke magana, wa ke magana, ta kashe."

"Layin tsibirin nan ne, ba shi da kyau."

"Shekara ashirin da shida da aure, Russ."

Na ce ya tashi. Leimara ta samo mana saiwar da tabarmar ba tare da ta tambayi dalili ba. Na kama wuyan hannunsa, sanyi kamar naman da aka ciro daga firijin Murray, muka je muka ɗaure ganyen a sandarsa, muka wuce dandalin ƙauye.

La'asar ce, rana tas. Dattawa kamar goma zaune ƙarƙashin wata babbar bishiya, ɗan marigayin a tsakiya, mutum mai furfura da rigar coci. Murray ya shimfiɗa tabarmar ya ɗora saiwar. Mutumin ya dube ni.

"Wa ka kawo?"

Na buɗe baki, babu komai. Ina riƙe da hannu, ina ganin sanƙon, ina ganin tabon da ke haɓarsa wanda ni na yi masa da gwiwar hannu a filin wasa, amma sunan ya tafi. Na juya ga Murray, ya sunkuyar da kai. Mutumin da nake riƙe da shi bakinsa na motsi da sauri, ba na jin ko ɗis. Can bayan ƙauye, inda ruwa yake kwance tun zuwanmu, na ji igiya ta fara dukan gaɓa.

Tunda ba suna, na fara faɗin abin da na sani. Na ce mutumin nan shi ya goya ni daga fili ran da gwiwata ta karye. Na ce ba ya iya rufe baki ko a jana'iza. Na ce da muna yara mun saci lemu a gonar ubansa, uban ya bi mu da bel har bakin rafi, tsoho mai ido ɗaya, Des, Des Tolhurst. Da sunan uban ya fito, na ɗan ya biyo.

"Gavin ne. Gavin ɗan Des Tolhurst. Namu ne, da shi za mu koma."

Ɗan marigayin ya juya kansa kaɗan ya dubi Gavin cikin ido.

"Ka yi rashin kunya, Gavin," ya ce. "Zauna."

Ranar Asabar ƙarfe bakwai Kalsau ya miƙa wa Gavin hannu ya shiga kwalekwale. Kalsau ya yi nisa da ruwan nan da aka rufe sosai kafin ya miƙe hanya. Mun yi rabin hanya, sai Gavin ya matso kusa da ni.

"Jiya minti nawa ka yi kana neman sunana?"

"Ko ɗaya bai cika ba," in ji Murray.

"A wurina an daɗe." Gavin ya dubi tsibirin a bayanmu. "Akwai wani tsoho tsaye a ɗaya gefen nawa, ƙafafunsa duk yashi. Shi yana ji na sarai. Shi ma sunana yake ta tambaya, a hankali, ba faɗa."

"Ka faɗa masa?"

"Saura kaɗan," ya ce. "Ka riga shi."