Suren Inna Dije

Shekara huɗu ni ke yi wa gonar Baffa Maigandi feshi. Tun da na bar makaranta a aji biyu na sakandare na gwada kabu-kabu, na gwada gyaran waya a Ƙofar Marke, na gwada sayar da ƙanƙara, babu wanda na yi wata shida a cikinsa. Feshi kaɗai ya zauna mini. In na goya famfona na shiga masarar Baffa a fadamar bakin gulbi, ko shi ba ya gaya mini inda zan taka. A majalisa yakan ce, "Arzika ba ya zama wuri ɗaya, amma gonata ya san ta kamar tafin hannunsa." Ban da wannan magana ba ni da wani abin tinƙaho a gidanmu.

Sai daminar bana Abdulshakur ya dawo. Ɗan Baffa ne, sa'ana, tare aka yi mana kaciya. Shi ya yi karatun noma, ya samu aiki da wani kamfani da ya kawo wa ƙungiyar manoma tarakta ta gwaji. Taraktar tana da hannuwa biyu dogaye, kowane da kyamarori a jere. Wai tana tafiya tana kallon ƙasa, in ta ga masara ta wuce, in ta ga wani ganye daban ta tsarta masa magani shi kaɗai.

"Kai kana wanke gona duka da magani," in ji Abdulshakur muna cin tuwo. "Ita kuwa sai hakin da ta gani. Abin da kaka zubarwa gona ɗaya, ya ishe ta gona uku."

"To ta zo ta ci tuwon ma," na ce.

Aka yi dariya, har da Baffa. Amma da ya gama dariyar sai ya ce, "Bana a gwada ta wurina. Arzika, ka huta."

Ka huta. Na ajiye cokalin miya.

Akwai abin da na sani wanda Abdulshakur bai sani ba, don rabonsa da gonar tun yana firamare. Inna Dije, yayar Baffa, tun da mijinta ya rasu take shuka sure, wato yakuwa, da kuɓewa a tsakanin masara, layi uku na gabas, wajen tsamiya. Ba ta sa alama, ba ta gaya wa kowa, don kowa ya sani. In na zo wurin nakan sauke famfo in cire hakin da hannu. Suren nan shi take busarwa, shi ne miyarta har wata daminar, shi take aika wa 'ya'yanta gidajen aurensu.

Ranar Talata da hantsi taraktar ta iso. Mutane sun cika bakin gona kamar ana rabon taki. Abdulshakur ya sa farar hula mai baki, yana riƙe da kwamfutar hannu, yana yi wa dattawa bayani suna gyaɗa kai. Mode, maƙwabcin gonarmu, wanda kullum yake roƙona in ara masa famfo, ko kallona bai yi ba.

Kafin a tayar da injin Abdulshakur ya taho inda nake zaune a gindin tsamiya.

"Ɗan'uwa, masara ce zalla ko? In saita taraktar."

Suren yana gabana, taku biyar, jajayen karansa sun fara tasowa. Na dube shi, na dubi hular.

"Ba tana da ido ba? Ta duba mana."

Ya yi dariya, ya buga mini kafaɗa, ya koma.

Gaskiya ta yi aiki, wannan ya fi ƙona mini rai. Tana tafe a hankali, sai ka ji tsit, tsit, nan da can, ba hazon magani, ba warin da ke sa ni ciwon kai. Dattawa suna ta "Ikon Allah!" Da ta shigo layukan gabas sai ƙarar ta sauya, tsit-tsit-tsit babu tsayawa. Na ce a raina, yanzu za a san wa ya san gona.

Kwana huɗu suren ya yi rawaya, kuɓewar ta kwanta. Inna Dije ta dawo daga gona da yamma da ganye a bakin zanenta, ta zube shi gaban Baffa a zaure. Ba ta yi kuka ba.

"Maigandi, dibi aikin mai idonku."

Aka kira Abdulshakur. Ya tsuguna, ya juya ganyen, fuskarsa ta sauya.

"Wallahi Inna ban sani ba. Da na sani da na cire layukan daga taswira, aikin minti ɗaya ne. Laihina ne, ki gafarce ni."

Bai ambaci sunana ba. Na jira Baffa ya juyo ya ce, ka gani, da Arzika ne da haka ba ta faru ba. Ya juyo ɗin.

"Arzika, ranar nan ina kake?"

"Ina gona, Baffa."

"A ina cikin gonar?"

Inna Dije ce ta amsa.

"Gindin tsamiya. Mode ya ce har yaron ga ya zo ya tambayi Arzika."

Baffa ya dube ni.

"Ƙarfe bai san Dije ba," ya ce. "Wanga yaro ya manta. Kai mi ya hana ka magana?"

Ya ce in ɗauko famfon. Na ɗauko daga bayan ƙofa, madaurinsa da na ɗinke da hannuna yana lilo. Ya aika aka kira Mode, ya miƙa masa famfon, ya ce daga yau duk lungun da taraktar ba ta shiga, shi zai riƙa fesawa.

Da safe Inna Dije ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da ƙwarya a hannu, sauran irin sure a ciki, bai kai rabi ba.

"Tashi, ɗan nema. Damina ta yi nisa, amma a gwada. Ɗauko kalme."

Da muka isa na tarar Abdulshakur ya riga mu. Ya kakkafa sanduna a layukan uku, ya ɗaura musu jan ƙyalle, ya naɗe ƙafar wando. Ya matsa mini wuri. Na duƙa da kalmen, wato fartanya, na fara sara, shi yana jefa iri, Inna tana bayansa tana cewa, "Allah shi yi ma albarka, Abdu." Har rana ta take ina saurare ko za ta faɗi sunana.