Wilf Ba Ya Jiran Yatsa

Tun safe nake zarya tsakanin ɗakin kulob da bakin fili, ina hararar sama. Ruwan Yorkshire ba shi da kunya, ba ya zuba a huta, sai yayyafi, ya ɗauke, ka fara murna ya dawo. Ranar ce muka ware don wasan tunawa da Wilf Ackroyd da ya rasu da hunturu, ni ne kuma alƙalin wasa.

A faɗi gaskiya komai ɗacinta, Wilf bai iya kurket, wasanmu na sanda da ƙwallo, can can ba. Abin da ya sa ƙauye ke ji da shi ɗaya ne, ba ya jiran yatsa. A wasanmu in ƙwallo ta shafi sandarka aka cafke ta kafin ta taɓa ƙasa, ka fita, amma sai abokan karawa sun yi ihu alƙali ya ɗaga yatsa. Yawancinmu tsayawa muke mu yi fuskar salihai, ko Allah zai sa alƙali bai ji ba. Wilf kuwa ko shi kaɗai ya ji, sai ya saƙale sanda a hammata ya kama hanyar ɗaki yana cire safar hannu da haƙori. Ya sha jawo mana asarar wasa, mu zage shi tas, da yamma mu saya masa abin sha.

Halin nan ne ya raba shi da ɗansa Craig, wanda shi kam ya iya wasa. Yana saurayi, a wasan cin kofi, ƙwallo ta shafi sandarsa, alƙali bai ji ba, ya yi tsaye abinsa. Wilf ya ɗaga murya a gaban kowa ya ce, "Ka ji ta ko ba ka ji ba?" Craig ya yar da sanda, bai jima ba ya koma Leeds. Ko jana'izar uban, daga coci mota ya shige.

Yau ma don uwarsa Doreen ta roƙe shi ne ya zo. Na same ta tana yanka burodin shayi.

"Clive, don Allah ka zauna, jiri kake sa ni," in ji ta. Sai ta rage murya. "So nake yaron nan ya daɗe a fili da sandar ubansa. In ya fita da wuri mota zai shiga, na san kayana. Ba zan ƙara ganin ƙafarsa a garin nan ba."

Ban zauna ba. Na nemo Barry, mai tsaron bayan mai bugu a ɓangaren da zai kara da su Craig, na ja shi gefe.

"In ta shafi sandar Craig, kowa ya kama bakinsa."

"Kai fa alƙali ne, tsoho."

"Yau kurma ne. Ka gaya wa sauran."

Sai bayan shayi ruwan ya ga damar ɗaukewa. Craig ya fito da tumbi da furfura, sandar Wilf a hannu. Ya dube ni ya ce, "Kawu Clive, ashe har yanzu ba ka mutu ba?"

"Ina jira in ga ko ka tuna ta ina ake riƙe sanda."

Ya ɗan murmusa. Ni kuwa na cusa hannu a aljihu na danne yatsan nan.

Ko zama a wasan bai yi ba aka jefo wata ƙwallo mai karkata. Ya kai mata bugu, muka ji ƙas, ɗan siririn sauti amma har bakin fili an ji shi. Barry, sakarai, hannunsa ya riga hankalinsa, ya cafke. Ya tsaya da ƙwallo yana kallon gajimare kamar bai san yadda aka yi ta shigo hannunsa ba. Ba wanda ya yi ihu.

Craig ya dube ni.

"A ci gaba da wasa," na ce.

Ya dubi Barry, ya dubi sandar, ya daɗe yana kallonta. Sai ya saƙale ta a hammata ya juya, yana cire safar hannu da haƙori.

Haushi ya turnuƙe ni, har da ƙwalla. Duk wahalar nan, ga shi zai sa tsohuwa kuka. Na bar wasan na bi bayansa, ban ma san abin da zan ce ba. Hanyar motoci tana hagu, ɗakin kulob na dama. Doreen na tsaye a ƙofa riƙe da butar shayi.

"Clive, dubi," ta ce, ko kallona ba ta yi ba. "Tafiyar Wilf ce. Wallahi tafiyarsa ce."

Craig ya yi dama. Ya zauna a ƙarshen bencin da Wilf ke zama in ya fitar da kansa, ya ɗora sandar a cinya.

"Mama," ya ce, "da sauran shayi?"