Tunkiyar Mus'ab

Safiyatu ta ɗauko bahon kwanuka ta nufi bayan gida inda famfo yake, sai ta ji shewar yara da wani kuka mai kama da na tunkiya. Abin ya ba ta mamaki, don ragunan suna tun da safe aka yanka su, har an soya an fara rabo. Daga Nguru ta zo Gashuwa sunan jaririyar da aka haifa wa yayanta Modu, ita da 'yarta Bushra mai shekara shida, kuma tun bayan abincin rana ba ta sake sa yarinyar a ido ba.

Warin wurin ne ya fara tarbarta. Nan aka yi fiɗa, ba a kuma share ba. Jini ya bushe ya yi baƙi a ƙasa, an zubar da kashin tumbi a jikin katanga, ƙudaje sun yi masa lulluɓi. A tsakiyar wannan ƙazanta Mus'ab, babban ɗan Yaya Modu, ya hakimce kan kujerar roba cikin farar shadda, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Shekararsa takwas. Hannunsa na hagu cike da sababbin takardun kuɗi, na dama kuma riƙe da igiyar ragon da aka yanka. Yaran unguwa sun yi masa zobe.

Ɗaya bakin igiyar a wuyan Bushra yake.

Tana rarrafe da gwiwa, atamfar da Safiyatu ta ɗinka mata don bikin ta yi dumu-dumu. Mus'ab ya ciro cincin daga aljihu ya jefa ƙasa.

"Tunkiya ba ta da hannu," in ji shi. "Da baki!"

Bushra ta sunkuya ta ɗauka da baki, har da ƙasar wurin. Ta ɗago ta ce, "Mbeee!" tana dariya, tana kallon hannunsa na hagu.

Dariyar nan ce ta fi ƙona wa Safiyatu rai. Da kuka ta same ta tana yi, da da sauƙi. Ta saki bahon, kwanuka suka tarwatse, yara suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Mus'ab kaɗai bai motsa ba.

"Gwaggo, ai biyanta nake yi," ya ce. "Ita ta ce tana so. Da Dunoma ɗan maƙwabta ne tunkiyar, ta ce ta fi shi iyawa."

 Safiyatu ta kwance igiyar, ta ja yarinyar zuwa famfo ta dinga cusa mata ruwa a baki, tana cewa ta tofar, ta sake tofarwa.  A nan ta lura Bushra ta dunƙule hannu ɗaya gam.

"Buɗe."

"Nawa ne, Umma! Ni na yi aikin!"

Sai da ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya kafin ta zare takardar ɗari biyar, ta jiƙe da gumi. Ta jefa wa Mus'ab a cinya. A lokacin ne Bushra ta fashe da kuka, irin wanda ba ta yi ba sa'ad da igiya ke wuyanta.

Yaya Modu yana ƙofar gida ƙarƙashin rumfa. Shekarun baya dakon kifi banda yake yi a kasuwa, yanzu motocinsa ne ke kai kifin Kudu. Safiyatu ta aika a kira shi, ta tsaya a zaure tana hangensa. Wani dattijo mai furfura ya durƙusa a gabansa ya ɗaga hannu yana kirari. Yaya Modu ya bar shi sai da muryarsa ta dushe, ya ce, "Ƙara dai!" Jama'a suka yi dariya. Sannan ya zare takarda ya sake ta ƙasa, dattijon ya bi ta da rarrafe. Safiyatu ta sha ganin haka, amma yau ne ta gane inda yaro ya yi karatunsa.

Da Yaya Modu ya shigo ta faɗa masa komai. Ya ƙyalƙyale da dariya har yana dafa bango.

"Kai, yaron nan! Igiya kuma? Wallahi zai yi shugabanci."

"Yaya, a inda aka zubar da tumbi fa. Da baki."

"To dukanta ya yi? Ƙwace ya yi mata? Ya sa aiki ya biya, ai ya fi manya da yawa adalci. Ni na san abin da rashi ya yi mini, Safiya. Ɗana ba zai tsaya yana kallon bakin kowa ba. Kullum sai na cika masa aljihu, ya saba da kuɗi tun yanzu." Ya laluba aljihun babbar rigarsa. "Ungo, ba ta ta share hawaye, ki haɗa da na motarku."

Ta kalli hannun da ya miƙo. Duk zuwanta Gashuwa takan rusuna ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya. Yau ta ji kamar wadda aka miƙo wa ruɓaɓɓen kifi.

"Muna da na mota, Yaya. Allah ya raya."

Ta shiga ɗakin mai jego don yin sallama. Labari ya riga ta. Anti Fauziyya, matar Yaya Modu, tana kishingiɗe da jaririya a gefe, mata sun cika ɗakin, turaren wuta ya turnuƙe.

"Ki yi haƙuri, zan yi masa faɗa," in ji Fauziyya, ba tare da ta ɗago sosai ba. "Amma ke ma, Safiya, a faɗi gaskiya. Yarinyar da ko naira ba a taɓa ba ta ta riƙe ba, ai dole in ta ga kuɗi idonta ya rufe. Yaran maƙwabta da iyayensu ba su da komai na gane, amma 'yarki?"

Wata ta ce, "Uhm," wata ta gyara ɗaurin ɗankwali.  Tun da Bushra ta shiga aji ɗaya take roƙon kuɗin tara, Safiyatu kuwa ta kafe: za ta zuba mata abinci a kwano, amma kuɗi sai ta kai aji huɗu, don kuɗi lalata yaro yake yi. Mijinta Ridwanu ya taɓa cewa a riƙa ba ta ɗan wani abu ta koyi riƙo, ta ce ba da ita ba. Har alfahari take yi da hakan a cikin mata.

Bayan la'asar suka kama hanyar tasha. Suka sami wuri a bayan wata motar Nguru, an matse su tsakanin wata tsohuwa da buhun barkono. Sai da suka fita gari, gonakin gero suka fara wucewa, Safiyatu ta tambayi Bushra a hankali.

"Me za ki yi da kuɗin?"

Bushra ta juya fuska wajen buhun barkonon.

"Ba dukanki zan yi ba. Faɗa mini."

"Zara zan saya wa alawar madara." Zara ce ƙawarta ta aji. "Kullum ita take saya ta gutsura mini. Ran nan ta ce a gaban kowa wai ni 'yar maula ce, ban taɓa sayen komai ba."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na gaya miki. Kika ce abincina ya fi alawa."

Safiyatu ta tuna. Tana kan keken ɗinki ranar, ko juyowa ba ta yi ba. Ta ji ƙyamar da ta cika mata ciki tun daga bayan gidan Yaya Modu ta juyo ta nufo ta ita kanta.  Sannan ta buɗe jaka ta zaro tsohuwar naira ɗari, duk ta yamutse, ta sa wa yarinyar a tafin hannu.

"Wannan naki ne. Duk ranar Litinin zan ba ki kamarsa. In kin kashe rana ɗaya, shi ke nan sai wata Litinin. In kin adana, naki ne. Ki saya wa Zara, ki saya wa kanki, ba ruwana."

Bushra ta juya takardar gaba da baya. Ba ta yi murna ba. Ta ɗago jajayen idanunta ta dubi uwarta.

"To me zan yi?"

"Me za ki yi kamar yaya?"

"Me zan yi miki, ki bar mini?"

"Ba komai, Bushra."

Yarinyar ta yi jim, kamar mai neman inda wayon yake. Ta matso kusa da kunnen uwarta don kada tsohuwar ta ji.

"Na iya kukan jaki ma," ta ce. "Har ya fi na tunkiyar."

Safiyatu ta kama ɗan hannun ta rufe shi a kan kuɗin, ta riƙe da nata biyu. Ta juya fuska wajen taga, ba ta sake shi ba har suka shiga Nguru.