Jinyar Motar Beljik

Motar ta iso Tawa ranar wata Lahadi, ana tsakar kassuwa. Hwara ce, doguwa, da ƙurar hanyar Kotonu har bisa kanta. Mutanen unguwa sunka taru suna shahwa ta, wani shi leƙa ciki, wani shi buga taya da ƙahwa. Ni ina zaune bakin zaure ina diban ƙohwar baya, ko wani zai hito. Direba ɗai yah hito, yam miƙa makulli, yat tambayi inda a ka sai da hura.

Wanda ya aiko ta ɗana ne na hwari. Ba ni hwaɗin sunanai. Mu nan Adar mace ba ta kiran sunan ɗan hwari, ba ta yi mai wasa gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ranar da anka yaye shi uwar mijina taɗ ɗauke shi zuwa Barmu, can yag girma. In na tahi ganin gida sai in dibe shi ta wutsiyar ido in ce ma tsohuwa, yaron nan naku ya rame. Wancan ni ka ce mai, kuma kowa ya san wa ni ka nuhi. Da yak kawo ƙarhi yat tahi bida awa dut namijin Adar, Abijan da hwari, daga nan Libiya, daga nan yaƙ ƙetare ruwa zuwa wata ƙasa wai ita Beljik. Damana goma sha ɗaya ke nan. Na Abijan suna dawowa kahin shibka. Na Beljik mota su ka aikowa.

In ya kira waya, ƙanwatai Kadidiya ka ɗauka. Su yi ta surutu har tuwo shi huce, sannan ta miƙo mani. In ce lahiya, shi ce lahiya, in ce to madalla, in maida mata. Dut maganata da shi a shekarun nan in an tara ba ta cika ludayi ba.

Haruna mijin Kadidiya anka ba motar, shina ɗaukar mutane daga Tawa zuwa Barmu, a raba abin da anka samu. Wata huɗu ana cikin daɗi. Sai wata sahiya wata ƴar wuta rawaya tak kama gaban sitiyari, ƙarama, ba ta kai ƙwayar wake ba. Haruna yac ce ba komi. Kwana goma bayan haka motar tah hwara shan esansi, man mota ke nan, awa raƙumin da yah hito Azawak, in ta zo hawan dutsi kuma sai ta yi ta tari, ƴan kassuwa su sauka su tura da kayansu bisa kai.

Tun da wancan ya ce motar da sunana ya aiko ta, ni anka ɗauka zuwa wurin Tanimu mai garaji, bayan tasha. Tanimu yash shiga ƙarƙashi, yah hito baƙi ƙirin, yan nuna mani wani ɗan ƙarhe kamar babban yatsa, da wutsiyar waya, liƙe ga bututun hayaƙi. Yac ce aikinai sansana hayaƙi, in ya ji wari ba daidai ba shi gaya ma injin. Yanzu ya lalace, ƙarya ɗai shi ka gaya ma motar, ita kuma tana yarda. Nic ce ashe mota hanci gare ta. Yac ce hanci kam Hajiya, kuma irin nata babu shi Tawa, babu shi Ƙwanni, Yamai ma sai an dace. Ban je Makka ba, amma mai mota Hajiya ce, ban gyara mai ba.

Daga nan anka shiga wa zai biya. Haruna yac ce da cutarta taz zo, mai ita shi biya. Wancan yac ce ta waya, motar da ta yi shekara tara hannun wata tsohuwar nasara ba ta taɓa tari ba, esansin kwalba na bakin hanya da Haruna ka ɗura mata shi yak kashe ta. Haruna yac ce to shi aiko da esansin Beljik a buta. Tanimu, da ba a tambaye shi ba, yac ce su duka biyu su bar wahal da bakinsu, shi ya gani cikin wayatai cewa masu ƙera irin motar nan sun amsa laihinsu ne, sun kira masu ita su kawo a canza musu hancin kyauta. Haruna yaw washe baki. Tanimu yac ce to amma can ƙasarsu. Cutar ta shiga jirgi taz zo har Tawa, ban haƙurin ya tsaya can.

Shi Tanimu maganinai mai sauƙi ne. A yanke wayar, a liƙe wutar da baƙar leda, mota ta ci gaba da aiki. Yac ce rabin motocin tasha haka su ke, kowace da ƴar ledarta, ba wanda yam mutu. Hayaƙi zai ƙaru, amma hilin Allah da yawa.

Da la'asar Kadidiya tag gaya ma wanta. Ina bayan zana ina tsintar wake, wayar kuma an buɗe ta kowa na ji. Yat tashi da hwaɗa, yac ce kada wanda yas sa almakashi ga motar nan.

“Ku bar ta yadda ta ke. Ni zan zo da abin da hannuna, in tsaya a sa shi gabana.”

Ni zan zo. Nij ji shi da kunnena. Ƙila hushi ne yas sa bakinai yay yi gaba, na san wannan, ba jiya anka haihe ni ba. Amma shekara goma sha ɗaya ban taɓa jin ya hwaɗe ta ba ko da wasa. Niz zubar da waken da nit tsince cikin wanda ban tsince ba.

Wanshekare Haruna yaz zo shina lallaɓa ni, wai mu bar Tanimu shi yanke a ɓoye, mai ita yana can bayan teku ina zai sani. Nic ce mai ita ta gabanka zaune. Nik karɓi makullin niɗ ɗaure ga bakin zanena, anka tura motar ƙarƙashin iccen bedi na ƙohwar gida.

Abin da ban zata ba, sai ga ni da abin hwaɗi. Uwa ba ta hira da ɗan hwari, amma ba wanda yah hana mai mota ta ba da labarin motarta. Ranar Juma'a da yak kira nik karɓi wayar ban maida ba. Nic ce mai tayar baya ta hwara saki. Yac ce a hura ta. Nic ce kaji sun samu wurin kwana ƙarƙashi. Yay yi dariya. Ban san dariyatai ta koma irin ta ubanai ba sai ran nan. Kadidiya tana tsaye da hannu miƙe, nij juya mata baya.

Haka munka yi ta yi kowace Juma'a. Kwana shidda ina tara abin da zan hwaɗi. In zagaya motar da sahe in diba ko wani abu ya samu, in babu in ƙirƙiro. Daga motar sai mu zame zuwa hanyar da ta ka bi, daga hanya zuwa Barmu, wa yam mutu, wa ya aurar da ɗiya, rijiyar bakin gari ta ƙahe. Shi kuma shi gaya mani can rana ba ta da zahi, shina wankin tukwane a wani gidan abinci, hannunai dut ya tsattsage. Ban ce sannu ba. Nic ce man shanu a ka shahwawa. Ƙarshe kullum in ce, to hancin fa? Shi ce yana nan tahe, Inna. Ban taɓa tambayar shi hancin ka tahe ko mai kawo shi ba.

Ruwa yas sauka, anka yi shibka, anka yi noman hwari, anka maimaita. Haruna yak koma ɗaukar kaya da babur na aro. Kadidiya ta daina gaishe ni da sakin huska. Wata rana tana tankaɗe tac ce, ba ta dibe ni ba, ɗiyanta huɗu suna cin tuwo ba miya saboda wata mota ta zama ɗakin kaji. Nic ce umurnin wanki ne. Tac ce Inna, ni ma ke kinka haihe ni, ko don ni sunana ba shi da wuyar hwaɗi? Wannan ta shige ni. Nit tashi nib ba ta cukun nono da ni ka ɓoyo, tac ce ba cuku ta tambaya ba.

Gero na kan hidda kai wani mutumen Afala yay yi sallama, Idris sunanai, da jakar nasara a kahwaɗa. Yac ce daga Beljik ya ke, gida guda su ke da wancan, an ba shi saƙo shi ba ni hannu da hannu. Gidan ba kowa, Kadidiya ta tahi awo. Yam miƙo wani ɗan kwali da bai kai sabulu biyu ba. Ban buɗe ba, na san mi a ciki.

Nib ba shi ruwa, nit tambaye shi hanya. Sannan nic ce, abokin zamanka fa, ba shi jin kewar damana? Idris yaj juya ƙoƙon a hannu. Yac ce shi takardunai sun hito bara, shi yas sa ya iya zuwa. Na wancan ba su hito ba. In ya hita ƙasar yau, ƙohwa ta ruhe ke nan, ba komawa. Yac ce ya ɗauka na sani.

Nic ce na sani mana.

Da yat tahi nis sa kwalin cikin kwallar ƙasa, wadda ba a buɗewa sai biki, nij jera sauran bisa. Kwana tara ban gaya ma kowa ba. Juma'a ta zo, wancan yat tambaya ko Idris ya iso, nic ce mutanen Afala ba su da sauri. Yac ce to, ƙaƙa kajin? Nan nig gane ya sani. Idris ai waya gare shi. Yab bar ni da ƙaryata, yak kama mani ita ma kada ta hwaɗi.

Ran na goma ina bakin zaure Haruna yad dawo, ya hwaɗi da babur a yashi, gwiwa ta kumbura, buhun albasar mutane ya hwashe. Yaz zauna bisa dakali shina murza gwiwar. Da ya yi hwaɗa da na ji sauƙi. Nish shiga ɗaki, nis sauke kwallaye ɗaya ɗaya, nik kwance makullin daga zanena, ni aje mai duka biyu kusa da ƙahwa. Yad dibi kwalin, yad dibe ni. Nic ce in ya tambayi yaushe yaz zo zan maida shi inda yah hito. Bai tambaya ba. Surukin kirki ne, esansin kwalba ɗai ka gare shi.

Tanimu bai yi rabin sa'a ba. Yak kwance tsohon, yaɗ ɗaura sabon, yat tada mota, wutar ta mutu. Yat tambayi wa zai biya aikin hannu, ni da Haruna munka dibi juna, yac ce to shi ke nan, a kawo mai hura. Anka kore kaji, anka wanke ta. Wanshekare da sahe nij ji tashinta, sumul, ba tari. Ƙarƙashin bedi sai sawun taya huɗu.

Juma'a wayar tay yi ƙara. Kadidiya tab ba wanta labari dut, mota ta warke, Barmu sau biyu a yini, Allah shi saka. Sannan tam miƙo mani, tana jira in ce lahiya in maida. Ba ni da ko ƙwaya ta labari. Nic ce mata ta je ta diba tukunya. Tac ce ba ta ɗora komi ba. Nic ce to ta je ta ɗora.

Da tah hita nij ja ƙyaure. Wancan shina ta sallama cikin wayar, Inna kina ji na, Inna. Uwata ba ta taɓa yi ma yayana wannan tambaya ba, kakata ma haka.

“Yaushe za ka zo?”

Nij ji ruwa na zuba can wurinai, sai yak kashe shi.

“Inna, in na hito ba su bari na koma.”

“Wa yac ce ka koma?”

Ina jin numhwashinai. Can yac ce gidan nan da motar nan da kuɗin lakwal, makarantar ɗiyan Kadidiya, dut daga tukwanen nan su ke hitowa. Nic ce na sani. Yac ce ƙila takardun su hito baɗi. Nic ce baɗi ina nan in Allah ya so, ba ni da inda za ni. Yac ce tun shina Barmu shi ka jira in tambaye shi wani abu, ko mi ne ne. Nic ce to ga shi na tambaya, kada shi saba.

Daga nan ba wanda yas sake magana, kuma ba wanda ya aje wayar. Kadidiya tab buga ƙyaure tac ce Inna kuɗin waya na ƙonewa kuna shiru. Nic ce mata ba ita ka biya ba.